Kwalin Taliya

Babana igiya yake tufkawa a Rijiyar Ɗorowa,
kaba a jiƙe, tafin hannu bisa cinya.
Igiya guda ta ja guga da hantsi,
ta ɗaure jaki da rana,
da marece a shanya zane a kanta.
Ba ta taɓa tambayar rijiya wane kamfani ya gina ta ba.

Ni ma igiya na gada,
sai dai tawa baki gare ta, kuma tana zaɓen inda za ta sa shi.

Shagona na Mabera taku huɗu ne da fanka ɗaya.
Ƙarƙashin tebur akwai kwalin taliya.
Da can taliya ce ciki, yanzu ma kusan ita ce,
baƙa, a cukurkuɗe.
Na naɗe su daki-daki da isha'i,
gari ya waye sun ƙulla zumunci.
Ka ja ta firinta, cajar wani ta biyo ta
kamar ɗan akuya bayan uwa.

Filashi kuwa, Allah ya shirye shi.
Fuska biyu gare shi, sau uku ake juya shi.
Ka tura ya ƙi, ka kifa ya ƙi,
ka mayar yadda ka fara,
ya shige sumul, ya bar ka da kunya gaban mai kaya.

Akwai wata caja da ba ta kawo wuta
sai an karya mata wuya an danne da kwalbar tawada.
Shekara biyu muna haka.
Kowa ya san lagon kowa.

Amma ba zan ci amanarsu ba.
Na ga hoton jariri ya bi ta cikin waya mai kaurin tsinke
ya faɗo takarda kafin shayi ya huce.
Na ga littafin wani malami, aikin damina bakwai,
ya tsere daga kwamfuta mai shaƙuwar mutuwa
ta wata 'yar kafa da ko kiyashi sai ya sunkuya.

Ran Talata, zafi ya narkar da kwalta,
Luba ta diro daga kabu-kabu da laftof a ƙirji.
“Malam Jabbi, awa guda ta rage.
Malamai na zaune can Dundaye,
furojekta ta ƙiya, wai ramin da anka sani babu shi ga tawa.
Mi za ni yi?”

Shekara huɗu ta yi tana karatu,
abin da ya rage tsakaninta da digiri
bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Na durƙusa, na zazzage kwalin.
Ga mai shuɗin kai da kusoshi biyu,
ga mai faɗin baki, ga wadda uwarta ta mutu tun zamanin faifai.
Can ƙasa, cikin ƙura da kashin ɓera,
ɗan tsakani ya fito, wanda ke jin yaren tsoho da na yaro.
Sau uku na yi niyyar jefar da shi.

Ta fizge ta hau babur, ko sallama babu.
Yau kwana ashirin bai dawo ba.
Na ji dai an yi walima a Arkilla.

Yanzu wata ta fito, ta kowane gefe shiga take.
Modi mai sayar da su ya rantse ita ce ta ƙarshe,
za ta sallami duk 'yan uwanta.
Na ce to. Haka aka faɗa mini kan waccan.
Na sayi biyu, na jefa kwali.

Da na tashi rufe shago
na haɗa kawunansu, na ɗaure da guntun kabar Baba.
Duk shagon nan
ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini ba nan ne wurinta ba.